Rata Tsakanin Itace da Ƙarfe

Ranar Alhamis sabuwar ƙotar bindigata ta iso, gwajin kuma Asabar da safe. Abin da na tsara zai zo da wata guda a gaba, sai ga shi saura kwana biyu. Na kinkimo kwalin tun daga unguwar Abbasiya, hannu ɗaya kwali, hannu ɗaya Baba, ina jin haushin duk wanda ya goge ni a jirgin ƙasa na metro.

Sunana Husaina. Karatun haɗa magunguna ya kawo ni Alƙahira, amma duk wanda ya san ni ya san rabin raina yana wani kulob na wasan harbi da ke bayan gari. Shekara uku ina kwanciya rub da ciki a kan shimfiɗa, ina harbin baƙin ɗigo daga nisan mita hamsin da ƙaramar bindiga mai sakata, irin wadda kake ja ka sa harsashi ɗaya, ka rufe, ka harba, ka sake ja. Bindigar ta kulob ce, ba ta fita daga harabar, amma sunana ne a kanta. Matsalarta ɗaya: ƙotar. Zabga-zabgan maza aka yi wa ita, ni kuwa ga ni 'yar duƙul. Kullum sai na miƙa wuya kafin idona ya kai saiti, kafin in yi harbi arba'in wuyan ya sage. Shi ya sa na yi odar wata daga waje, mai wurin ɗora kunci da ake ɗagawa a sauke daidai mutum.

Gwajin kuwa shi ne komai. Koci Benjamin ya zo daga Abuja, mace ɗaya yake nema ya cike tawagar Najeriya da za ta je gasar Afirka. Da yake ba a gida nake ba, sau ɗaya tak zai ga harbina. Ya faɗa mini a waya ba tare da kwana-kwana ba: "Harbi sittin, maki ɗari shida. Ki kawo ɗari biyar da tamanin da biyar, na rubuta sunanki. Ya gaza da ɗaya, sai bayan shekara biyu." Wato maki goma sha biyar kaɗai aka yarje mini in zubar. Bayan shekara biyu kuma na gama karatu na koma gida, inda ban san filin da zan samu ba.

Baba kuma ba don harbi ya zo ba. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu, an sa ranar Talata za a yi masa aiki. Sunansa Ɗantsoho, kuma idan ka je Ningi ka ce Ɗantsoho mai ƙota, ko yaro zai kai ka ƙofar gidanmu. Shekara arba'in yana sassaƙa wa maharba ƙotar adaka. Da ya ji abin da ke cikin kwalin, sai ya miƙe ya lalubo hularsa, ya sa baƙin tabaransa, ya cusa gidan tabaran na jar fata a aljihu.

"Baba, zama za ka yi ka huta."

"A ɗaura wa 'yata ƙota ina kwance? Mu je."

A ƙofar kulob suka karɓi fasfonsa suka ba shi katin baƙo. Ɗan sandan da ke ƙofar ya maimaita mini abin da na sani: baƙo ba ya taɓa makami, ko da yatsa ɗaya. Na fassara wa Baba. Ya ce ya ji.

Mai gyaran bindigogin kulob ɗin shi ne Usta Bakri. Basudane ne, amma kakanninsa daga Kano suka taso kan hanyar Makka suka yada zango a can, don haka Hausa yake yi, tana tafe tana tuntuɓe da Larabci. Da ya ji sana'ar Baba sai ya tashi tsaye ya ba shi hannu biyu, ya jawo masa kujera kusa da teburin aiki.

"Alhaji, itace ba makami ba ne. Kafin mu ɗora ƙarfe, taɓa ka ji."

Baba ya karɓi ƙotar ya ɗora a cinya. Ya bi ta da yatsu tun daga gindi har baki, ya ƙwanƙwasa, ya kai hanci ya shinshina.

"Wannan ba itace ɗaya ba ne."

"Falle-falle ne aka manne, don kada zafi ko sanyi ya lanƙwasa shi."

"Uhm. Ba laifi. Amma wanda ya yi ta bai taɓa ganin mai ita ba." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Da ni ne, sai na auna hannunki tukuna."

Usta Bakri ya yi dariya, ni ko haƙorina ban buɗe ba. Agogo nake kallo. Ƙarfe huɗu ake rufe filin, ni kuma dole in gwada ta a yau, don Juma'a ba a buɗewa.

Ya kwance ƙusoshi biyu na ƙasa, ya ɗaga ƙarfen bindigar gaba ɗaya daga tsohuwar ƙota, ya goge, ya kwantar da shi cikin sabuwar. Bai zauna ba. Wurin da hannun sakata ke sauka ya ɗan matse. Ya ciro, ya shafa baƙin alli a jikin ƙarfen, ya mayar, ya sake cirowa ya duba inda baƙin ya taɓa itacen, ya kankare da ɗan ƙaramin magagari. Sau biyar yana wannan. Ni ina tsaye ina taka ƙafa, Baba kuwa ya karkata kai yana sauraron magagarin, har da gyaɗa kai in an zo inda ya yi masa daɗi. A na shida ƙarfen ya faɗa wurinsa. Usta Bakri ya ɗaura ƙusoshin da wani maɗauri mai ƙara in ya kai, sannan ya ɗauko jan farce ya ɗiga a kan kowace ƙusa, ya ja layin har jikin itacen.

"Ko kin kwance wata rana, ki mayar layi ya haɗu da layi. Khalas, shi ke nan."

Daga nan ya yago 'yar takarda, ya zura ta ƙarƙashin bututun, ya ja ta tun daga baki har kusa da sakata. Ta wuce sumul, da ɗan sautinta.

Baba ya ɗago kai. "Me ya wuce haka?"

"Takarda ce, Alhaji."

"Takarda? Tsakanin ƙarfe da itace?"

Usta Bakri ya buɗe baki zai yi masa bayani, ni na tare shi. Wallahi ni na tare shi. Uku da kwata ta yi, raina ya riga ya ɓaci.

"Baba, don Allah ka bari. Wannan ba irin taku ba ce. Usta, yalla, mu je fili."

Baba ya mayar da kansa ƙasa.

Abin da ban tsaya na faɗa masa ba shi ne, a irin wannan bindiga ratar ita ce aikin. Bututun yana girgiza duk lokacin da harsashi ya fita, kuma ana so ya yi girgizarsa shi kaɗai, iri ɗaya kullum, kada komai ya taɓa shi. A wurin su Baba kuwa, rata a jikin bindiga abin kunya ne. Adakar da ƙarfenta bai kwanta lif a kan itace ba, ita ke tsage wa maharbi fuska. Tun ina ƙarama nake ganinsa yana shimfiɗa fata a kwarmin ƙota, ya danne ƙarfe a kai, ya naɗe da waya har sai ko iska ba ta shiga.

Na harba ashirin a fili. Kai, ranar na san me ake nufi da abu ya zauna wa mutum. Kuncina ya sauka daidai, wuyana a sake, harsasai ashirin suka tara rami ɗaya da kwabo zai rufe. Usta Bakri ya duba allo ya ce, "Tamam, ya yi daidai, ya bitti, 'yata. Kada kowa ya ƙara taɓa ta." Muka dawo ɗakin aiki, ya maƙala ta a kan tebur, ya tafi kiran jami'in ma'ajiya ya zo ya sa hannu a kulle ta. Ni kuma na shiga cire rigar harbi, wadda sai an yi kokawa da maɓallanta. Minti goma, ko sha biyu. Da na fito, Baba na zaune inda na bar shi, hannuwansa a kan gwiwa, tabaran a fuskarsa.

Asabar ƙarfe tara na kwanta a layi na shida. Mu takwas ne, sauran 'yan kulob ne da suka shiga don gwajin ya zama na hukuma. Koci Benjamin yana bayana da littafinsa, gajere mai furfura, ba ya murmushi. Can bayan gilashi, a bencin 'yan kallo, Baba ne da Usta Bakri a gefensa. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa asibiti, ya ce ranar ta isa a sa ta.

Ana ba da minti goma sha biyar na daidaita saiti, harbin da ba a lissafawa. Na farko ya tafi sama, can wajen da'irar maki bakwai. Gabana ya faɗi. Na biyu ma sama. Na ce ko hasken safe ne ya bambanta da na yamma, ko kuncina ne ya sauya wuri. Na murɗa saiti ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, ina ƙirgawa kamar yadda na saba. Sai da na yi goma sha huɗu kafin harsashi ya dawo tsakiya. Goma sha huɗu! Bindigar da na bari shekaranjiya tana cin ɗigo. Da ina da hankali da a nan na tsaya na duba. Amma uku na ƙarshe duk sun shiga goma, lokaci kuma ya ƙare, alƙalin fili ya ɗaga murya ya ce a fara. Minti hamsin, harbi sittin.

Goma. Goma. Tara. Na ce ba komai. Tara kuma, ta hagu. Na gyara kwanciya. Takwas, ta dama, ƙasa.

Duk mai harbi ya san lokacin da laifin nasa ne. Kafin ka kalli allo jikinka ya riga ya faɗa maka ka ja kunama da gaggawa, ko numfashi ya kuɓuce maka. Waɗannan kuwa lafiyayyun harbi ne. Ina sakin su ina jin goma a raina, in kalli allo in ga takwas. Kuma ba gefe ɗaya suke bi ba balle in bi su da saiti, yawo suke yi. Da na gama harbi na goma sha ɗaya, na riga na zubar da maki goma sha biyu. Saura uku a hannuna, ga harbi arba'in da tara a gaba.

Na buɗe sakata, na sa 'yar tutar da ke nuna ba harsashi a ciki, na kifa goshi a kan hannuna. Zufa na bin bayana cikin rigar. Ina jin Koci Benjamin ya juya shafi.

Sai na tuna takardar Usta Bakri. Na laluba akwatin kayana, tikitin metro ne ya zo hannu. Na zura shi ƙarƙashin bututun daga baki, na ja. Ya yi tafiyar yatsa huɗu ya tsaya cak. Na karkata bindigar na leƙa ta gefen da haske ke shiga. Wani abu ne ja a ciki, an cusa shi can ƙasa, an daidaita gefensa da kyau yadda ido ba zai kama ba sai an nema.

Na san wannan jan. Na juya na kalli benci. Tabaran Baba na fuskarsa, gidan tabaran yana hannunsa yana juya shi, kuma murfinsa babu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa jin fushi irin na lokacin ba. Na so in miƙe in fasa gilashin nan da ihu.

Alƙalin fili ya lura na daɗe ban harba ba, ya tako ya tsaya a kaina. Dogon Bamisire ne, tsohon soja, mai bin doka harafi da harafi. Ya tambaye ni da Larabci ko bindigar ta samu matsala.

Dokar a bayyane take. In na ce e, zai tsayar mini da agogo, ya duba bindigar da kansa, in ya tabbatar ba laifina ba ne ya ƙara mini lokaci, ya ba ni damar sake daidaita saiti. Duk abin da nake bukata ke nan a duniya. Amma zai ciro fatar da hannunsa, ya tambayi yadda aka yi ta shiga bindigar da aka kulle tun Alhamis. A ɗakin aikin akwai kyamara. Za su ga tsoho baƙo, ɗan wata ƙasa, ya tashi ya lalubo wuƙar Usta Bakri, ya yanki fata, ya riƙe makami minti goma shi kaɗai. A garin nan ba a wasa da wannan. Fasfonsa na hannun ɗan sandan ƙofa, aikin idonsa ranar Talata, Usta Bakri kuma shi ya bar ɗakin a buɗe.

"La'," na ce, wato a'a. "Tamam. Wurin kunci zan gyara."

Ya ɗan tsaya yana kallona, ya kalli tutar da ke cikin sakata, sannan ya wuce layi na bakwai.

Na juya wa 'yan kallo baya, na jawo bindigar jikina, na ɗauko ɗan makullin ƙusa daga akwati. Ƙusar gaba ta ƙi motsi, na danna da tafin hannu har ya yi mini shaida. Ta saki. Ta baya ma ta saki. Na ɗaga bututun kaɗan, na sa farce. Baba bai yi aikin wasa ba. Ya fere bakin fatar siriri, ya ninka ta biyu, ya tura ta ta zauna daram. Ta yage a hannuna, rabi ya fito rabi ya maƙale. Na ciro fil daga ɗankwalina na dinga tsokalo sauran, ina zagin kaina, ina zagin fil ɗin, ina kallon jajayen lambobin agogo suna raguwa. Da ta fito na cusa guntayen cikin safar hannuna. Na mayar da ƙusoshin, ina murɗawa a hankali har layin jan farce ya haɗu da ɗan'uwansa. Tikitin metro ya wuce tun daga baki har ƙarshe.

Minti takwas suka tafi a nan. Saura ashirin da tara.

Sai saiti. Na murɗa shi ƙasa sau goma sha huɗu saboda fatar, yanzu fatar babu, kuma ba ni da harbin gwaji ko ɗaya. Duk wanda na saki lissafa shi za a yi. Goma sha huɗu ne ko goma sha biyar? Na rufe ido na sake jin ƙas-ƙas ɗin a kaina. Uku, sannan biyar, sannan huɗu, sannan biyu. Na mayar sama goma sha huɗu, na sa harsashi, na yi bisimilla.

Tara, a sama kaɗan. Saura biyu a hannuna. Na sauke saiti ƙas ɗaya.

Goma.

Daga nan na daina tunanin kowa. Ja sakata, sa harsashi, rufe, numfashi, saki. Goma. Goma. Bindigar ta dawo tawa ta ranar Alhamis, ko ta fi. Na yi ashirin da shida a jere ban fita daga tsakiya ba. Sauran maharba suka fara gamawa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, filin yana yin shiru, har ya zama ƙarar bindigata kaɗai ake ji. A na talatin da tara iska ta kaɗa tutocin fili, ban jira ta kwanta ba don ba ni da lokacin jira. Tara. Saura ɗaya.

Hannun hagu ya mutu cikin maɗaurin da ke tallafe bindigar, ban kwance ba. Na hamsin da biyu, ni na ja kunama da sauri, na sani tun kafin in duba. Tara. Babu saura. Takwas ɗin da suka rage dole kowanne ya zama goma, agogo kuma ya nuna minti uku da 'yan daƙiƙu.

Goma. Goma. Goma. Goma. Goma.

Alƙali ya ce saura minti ɗaya. Harbi uku a gabana. Yatsuna suka jiƙe, harsashi ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin shimfiɗa, na bar shi na ɗauki wani. Na harba ban gama sauke numfashi ba. Tara.

Na ga lambar, na san an gama. Amma na harba sauran biyun, don ba a tashi a bar harsashi a akwati. Goma, sai tara. Ɗari biyar da tamanin da uku.

Koci Benjamin ya jira na tashi na kwance maɗaurin. Ya duba littafinsa ya daɗe.

"Arba'in da taran nan na ƙarshe, ban da wadda ke yin su a gida," ya ce. "Me ya same ki a farko?"

"Tsoro ne, sir."

"Tsoro." Ya kalle ni, na ga bai yarda ba, amma bai matsa ba. "Ba ni na sa lambar ba, Husaina, kuma ba ni da ikon rage ta. Ki yi haƙuri."

Ya ba ni hannu ya tafi wajen alƙali sa hannu a takardu.

Usta Bakri ya zo karɓar bindigar. Na zare safar hannuna na buɗe masa tafin ya ga guntayen, na rufe. Fuskarsa ta canza. Ya kalli benci, ya kalli kyamarar da ke saman ƙofa, ya ce a hankali, "La haula. Allah ya saka miki, ya bitti." Ya rungumi bindigar ya yi ma'ajiya da ita da sauri.

Na fito da Baba waje, ƙarƙashin wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci, inda ba kowa. Tun kafin mu zauna ya fara magana, fuskarsa a washe.

"Na ji ki ke kaɗai a ƙarshe, tas, tas, tas, ba gargada. Na ce wa Basudanen nan, ka ji hannu. Mutumin kirki ne, amma aikinsa da saura. Rata ya bar miki, Husaina, har takarda na wucewa. Ban so in kunyata shi a gabanki ba, shi ya sa na bari sai da kuka fita na..."

"Baba, na faɗi."

Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Na faɗi, kuma kai ka kayar da ni. Ratar nan da gangan aka bar ta. Haka ake yin su. Fatar da ka cusa ita ta dinga watsa mini harsashi, sai da na kwance bindigar a tsakiyar gwaji na ciro ta. Shekara uku, Baba! Shekara uku ina tashi da asuba ina shiga metro biyu. Wa ya sa ka? Wa ya roƙe ka? An ce maka kada ka taɓa, a gabana aka faɗa, ka ce ka ji!"

Na faɗa da ƙarfi, har wani direba ya leƙo daga motarsa. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na san rabin laifin nawa ne, kuma sanin bai rage mini fushin ba ko kaɗan.

Baba ya juyo inda muryata take. Sannan ya ce, "Da maki nawa?"

"Biyu."

"Kafin ki cire, nawa kika rasa?"

"Goma sha biyu."

Na ga leɓɓansa suna motsi. Sai ya dafa bencin ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya kama tafiya shi kaɗai, hannu ɗaya a gaba. Ba ma wajen filin ya nufa ba, wajen motoci ya yi.

"Ina za ka?"

"Wurin mutumin Abujan. In gaya masa ni ne. Ya sake miki, laifin ba naki ba ne."

Na sha gabansa na riƙe masa hannu. Ya fizge, da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Sake ni, Husaina. Ni na ɓata, ni zan faɗa da bakina. In duƙawa ce in duƙa masa."

"Baba, in ka faɗa, 'yan sanda za su riƙe ka. Ba za a yi maka aiki ranar Talata ba. Usta Bakri zai rasa aikinsa. Alƙali ya tambaye ni tun ina kwance, da na faɗa da an ƙara mini lokaci. Na ce masa ba komai."

Ya tsaya. Hannun da ya miƙa gaba ya sauko a hankali.

"Kin sani tun kina ciki?"

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"E."

Ya cire tabaran. Idanun nan farare suka yi ta neman fuskata, suka tsaya kusa da kunnena. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ni da na zo da sauran maganganu cike da baki, na neme su na rasa, tausayinsa ya kama ni.

"To me zan yi miki?" ya ce. "Faɗa mini. Akwai abin da zan gyara?"

"Babu, Baba."

"Ko kaɗan?"

"Babu abin da za ka yi."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da tabaran, na taya shi saƙala shi a kunne. Muka je ƙofa, na miƙa katin baƙo, ɗan sandan ya ba ni fasfon yana tambayata ko Hajj ya ji daɗin kallo. Na ce masa ya ji.